Shekarar da Muka Zuba wa Kifi Ƙarfe

Da sunan Allah nake buɗewa, wanda Ya ajiye arzikin babba a bakin ƙarami, tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta. Bayan haka.

Samarin da suka zo wurina a daminar bana neman 'ya'yan karfasa sun haura goma, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tambaye ni wani abu game da ruwa. Ɗayansu ya ce da ni, idonsa na kan waya, "Baba, ai kiwon kifi ba wuya. A haƙa rami, a zuba ruwa, a watsa abinci, a jira wata shida." Na ce masa gaskiya ne, kamar yadda limanci ba wuya: a tsaya a gaba, a ɗaga murya. Saboda irinsa nake wannan rubutu. Ni ba kifi nake kiwo ba. Ruwa nake kiwo, ruwan ya kiwata kifi, kuma shekara talatin da wani abu ban gama sanin halinsa ba.

Aikina na farko a wannan sana'a shi ne ɗaukar buhun kashin kaji a kan keke, daga wani gidan gona a bayan garin Daura zuwa tafkin maigidana. A lokacin na haura shekara talatin, na daɗe a zaure ina karatun fiƙihu da nahawu, har an fara ce mini Malam. Sai dai karatun bai taɓa ɗora tukunya a gidana ba. Maigidan nawa sunansa Baba Tunau, Basarke ne, wato masunci na gado, daga ƙasar Yawuri, ya yi aikin leburanci a sashen kifi na gwamnati har ya yi ritaya a nan. Ko alif bai sani ba. Ranar da na sauke buhun farko, ya dubi rigata ya ce, "Malam, an ce ka karanta babin tsarki."

Na ce, "Na haddace shi ma."

Ya ce, "To madalla. Ke nan ba sai na koya maka wanke hannu ba in mun gama."

Ba a watsa kashin kajin a ruwa. A buhu ake barinsa, a ɗaure baki, a rataye shi a kusurwar tafki yana jiƙa, ƙarfinsa yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Bayan 'yan kwanaki ruwan zai fara kore. Wannan koren shi ne abincin karfasa, kuma sanin iyakarsa shi ne sana'ar gaba ɗaya. Kayan aikin ba su cika jaka ba. Akwai farin faranti na samira da aka huda tsakiyarsa aka zura igiya. Ana sakinsa cikin ruwa a hankali. In ya ɓace wa ido a kamu ɗaya, wato daga yatsa zuwa gwiwar hannu, ruwa ya ƙoshi. In ana ganinsa har ya wuce tsawon hannu, ruwa yana jin yunwa. In kuwa ya ɓace tun a wuyan hannu, sai a cire buhu, a rage ruwan, a sako sabo, a kama istigfari. Akwai kwalba, da ƙyallen mayafi na tace ruwa, da wani tsohon madubin likita da ofis ya jefar Baba Tunau ya tsinta, mai ɗan gilashi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Doka kuma ɗaya ce: da an sallame Asuba, kafin ka gaisa da kowa, ka je ka gaisa da ruwa.

Ranar da ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ya ce in leƙa, na ga gari guda. Baba Tunau bai san sunayen da Turawa suka ba su ba, don haka ya raɗa musu nasa. Korayen nan masu kama da ƙwayar gero ya ce su ne manoma: da rana suna haɗa haske da iskar da ta narke a ruwa su gina jikinsu, su kuma saki iskar da kifi ke shaƙa. Masu jela da masu gashi da ke zarya a tsakaninsu suna haɗiye su, ya ce su ne masu karɓar haraji. Akwai manyan masu haraji da ke cin ƙanana, karfasa kuma ta ci duka. Can ƙasa da su akwai wasu da ƙyar ido ke kama su, kamar ɗigon tawada yana rawa. Na ce, "Waɗannan fa?"

Ya ce, "Magada ke nan. Ba ka ganin yawansu sai an yi mutuwa. Su cinye gawar, su shanye iskar gidan. Da rana manoma suna biyan abin da aka sha. Da dare babu mai biya, kowa sha yake yi. Shi ya sa ruwa ya fi talauci da asuba."

Abin da magada suka rage shi ke sauka ƙasa ya zama baƙar laka, wadda muke kwashewa da rani masu lambun albasa su ɗauka. Na sha faɗa wa mutane wannan labari a majalisa suna yi mini kallon wanda karatu ya taɓa. Mutumin Daura ya yarda cewa maciji ɗaya a Kusugu ya taɓa hana gari ruwa, amma ka ce masa akwai halittu a cikin ɗigo, sai ya nemi shaidu biyu adalai.

Baba Tunau ya rasu bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne iyayen kifi. Asalinsu 'yan ƙalilan ne da ya ɗauko daga kogin ƙasarsu a cikin tulu, a bayan babbar mota. Shekara da shekaru yana zaɓen waɗanda suka jure ruwan rijiyarmu da sanyin hunturu yana haɗa su, yana cinye sauran. Duk 'ya'yan karfasa da na taɓa sayar wa ma'aikatan da suka yi ritaya, da mutanen garin Babban Mutum, da 'yan ƙetaren iyaka, daga wannan zuri'a suka fito. In ta ƙare, ba kasuwar da zan je in sayo ta.

To, a shekarar da nake son ba da labari, wadda ta zo bayan ƙaddamar da Shari'a da wasu shekaru, rijiyata ta rufta da bazara. Na kwashe iyayen, su arba'in da biyu, na kai su tafkin Alhaji Mamman da ke hanyar Mai'adua, wanda dama ni nake kula masa da ruwansa. Na kafa musu babbar raga a kusurwa guda don kada su gauraya da nasa. Alhaji Mamman dillalin shanu ne, mutumin kirki, mai hannun kyauta, kuma yana cikin kwamitin masallacin unguwarsu. Aibinsa ɗaya: rabin zance yake ji, ya cika sauran rabin da kuɗinsa.

Yana da 'ya, Dakta Hadiza, wadda ta yi karatun halittun ruwa a ƙasashen waje, har ta shiga jirgin ruwan masu bincike zuwa can kudancin duniya. Da ta zo hutu, ya kawo ta tafki don ta ga dukiyar ubanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ga madubina, ta yi dariya ta ce, "Baba Malam, ashe aikinmu ɗaya. Ni ma tace ruwa nake yi in ƙirga abin da ya rage a kan matata. Bambancin kawai, ni ina yi ina amai saboda igiyar ruwa."

Muka zauna a gindin darbejiya ta ba mu labari. Ta ce akwai wani yanki na teku da ke da duk abincin da manoma ke so, amma ruwansa fayau, ba kore, saboda abu ɗaya ya yi ƙaranci, shi ne ƙarfe. Kamar miya ce da ta ji komai ban da gishiri. Sai masu binciken suka narkar da garin ƙarfe suka zuba. Cikin kwanaki teku ta yi kore, faɗin da sai daga sama ake iya ganin iyakarsa. Burinsu shi ne manoman su shanye iskar hayaki da ke ɗumama duniya, wadda ta kira kabon, su gina jikinsu da ita, su mutu, su nutse da ita can ƙasa inda ba za ta dawo ba sai bayan zamunna.

Alhaji ya ce, "Ƙarfe? Ƙarfe tsurarsa? Ba taki?"

Ta ce, "Ba taki, Baba. Amma ka ji abin da ya biyo baya."

A daidai nan wayarsa ta yi ƙara, ana sanar da shi motar shanu ta maƙale a bakin iyaka. Ya miƙe yana faɗa da direba, ya yi nisa. Ni kaɗai na ji sauran. Ta ce da manoma suka yawaita, sai masu haraji suka taso suka far musu. Abin da ya mutu ko ya zube, magada suka cinye, ƙananan masu jela suka ci magadan, kowannensu yana numfashi yana mayar da kabon ɗin inda aka ɗauko shi. Abin da ya isa ƙasa a tafiyar tasu bai kai abin da aka yi fata ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma wannan maganar teku ce. Ruwan Daura da ke rina bokiti ja, ai ƙarfe ya yi masa yawa ma." Na ce mata marigayi maigidana da zai rage musu kuɗin jirgi, don ya san ba a tara dukiya a gari ba tare da mai haraji ya ji ƙanshi ba.

Da damina ta kankama, wani matashin malami mai suna Ustaz Kabiru, wanda ya dawo daga karatu a ƙasar Larabawa yana jan Sallah a wani sabon masallaci kusa da tafkin, ya yi wa'azi a kan jallala, wato dabbar da ke kiwo a kan ƙazanta. Ya ce ba a cin namanta sai an tsare ta kwanaki a kan abinci mai tsarki. Sannan ya ce ya ji akwai tafkunan da ake ciyar da kifi kashin kaji. Bai kama suna ba, amma a hanyar Mai'adua tafki ɗaya ne. A wancan zamani kowa yana tsoron a ce masa ya yi sake da addini, har wanda bai san farillan alwala ba. Mata masu suyar kifi suka daina zuwa. Shugabarsu, Tabawa, ta aiko mini da cewa ita ba ta da ja, amma masu saye sun fara shinshina kifi kafin su taya.

Alhaji Mamman ya kira ni ya ce, "Malam, daga yau ba kashin kaji a tafkina. Ni ɗan kwamiti ne. A cire buhunan nan."

Na ce, "Alhaji, ruwan zai ji yunwa."

Ya ce, "Ba zai ji ba. Ƙarfe za mu ba shi, irin na Turawa. Ka taɓa jin malamin da ya ce ƙarfe najasa ne?"

Na ce masa Dakta ta faɗi sauran zance bayan ya tashi. Ya ce ita yarinya ce, a gabansa aka haife ta.

Washegari ya ja ni shagon Obinna, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda a Daura aka haife shi kuma ya fi wasunmu iya zagi da Hausa. Alhaji ya ce a tara masa duk tsofaffin ƙarafan da ke bayan shago. Da Obinna ya ji inda za a kai su, ya ajiye ƙoƙon shayinsa ya ce, "Alhaji, shekara ashirin ina wannan sana'a, kifi bai taɓa zuwa neman birki ba."

"Kai dai auna."

"Zan auna. Amma in sun fara gudu suna hayaƙi, ga salansa nan, zan yi maka ragi." Ya juyo gare ni. "Malam, kai ma da rawaninka kana ciki?"

Na ce ni ɗan rakiya ne. Aka cika akori-kura da sifirin da birki da ƙafafun mota, aka juye a tafki. Kwana goma babu abin da ya yi kore. Baƙin mai ne kawai ya taso yana ƙyalli a saman ruwa, muka kwashe da tsumma.

A nan ne nawa kuskuren ya fara, kuma ya fi na Alhaji muni, domin shi jahilci ya ja shi, ni kuwa ilimi. An taɓa ni a wurare biyu, sana'ata da karatuna. Yaron da aka yi sunansa ina zaure zai koya mini babin tsarki? Na aika masa cewa ina neman zama a gaban limamin unguwa da dattawa. Ya amsa da ladabi. Na sauko da littattafaina daga kan rufin ɗaki, na kakkaɓe su. Lokacin da ya fi daɗin nazari shi ne bayan Asuba, don haka na mayar da lokacin gaisuwar ruwa lokacin bita. Farin faranti ya yi kwana goma sha biyu a rataye jikin ƙusa.

Ranar zaman na tafi da hujja uku da madubi ɗaya. Na ce a mazhabarmu kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, kajin gidan gona kuwa a kulle suke, dusa suke ci. Na ce ruwan da ya canza launi da abin da shi kansa ya haifa, kamar gansakuka, bai fita daga tsarki ba. Na ce ko da mun sallama cewa najasa ce, abu in ya rikiɗe ya zama wani abu, hukuncinsa ya rikiɗe, in ba haka ba a haramta geron duk wanda ya kai takin gari gonarsa, mu ga wanda zai yi tuwo a masarautar nan. Sannan na ɗiga koren ruwan wani tafki da ake ba kashin kaji a madubi na ce, "Ustaz, bismillah, ga shaidu."

Ya naɗe hannun rigarsa ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Na nuna masa manoma, na nuna masa masu haraji, na ce tsakanin buhu da karfasa akwai baki biyu ko uku. Ya ɗago ya yi tasbihi ya ce, "Allah gafarta Malam, ban san da wannan ba. Na yi magana a kan abin da aka gaya mini, ban gani ba. Zan gyara ranar Juma'a." Kuma ya gyara. Da ya yi gardama da na fi jin daɗi, domin na tanadi hujja ta huɗu da ta biyar, ban sami inda zan sauke su ba.

Na fito daga zauren kai tsaye zuwa gidan gona. Maimakon buhu biyu da aka saba, na rataya huɗu, don ruwan ya yi kore da sauri kowa ya ga wanda ke da gaskiya. Ban saki faranti ba. Abin da ban sani ba shi ne, kwana biyu kafin nan, Alhaji ya gaji da jiran ƙarfe, ya sa maigadinsa ya juye buhu uku na takin zamani a ruwan, don a taimaka wa ƙarfen ya tashi. Shi ma takin fari ne tas, daga kamfani, babu malamin da ya taɓa sukarsa.

Cikin mako guda ruwan ya wuce kore ya koma miyar kuka. Alhaji ya riƙa kawo baƙi yana nuna musu aikin ƙarfe. Ni kuma in sun juya baya in nuna musu buhuna. Mu biyu muka tsaya a bakin tafki guda, kowa yana kallon nasararsa, babu mai kallon ruwa. Da hannuna kaɗai na tsoma da na ga tafina ya ɓace tun a wuyan hannu. Na san wannan tun ina ɗaukar buhu a keke.

Sai marka ta sauka. Kwana uku rana ba ta fito ba. Manoman da suka cika ruwa har suna danne juna suka rasa haske, suka fara mutuwa gaba ɗaya. A rana ta uku da yamma ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, aka ce yana ɗan wari. Magada sun zo rabon gado.

Da asubar rana ta huɗu maigadi ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce kifi suna ta sallama da sama. Na hau babur ɗinsa. Da muka isa, gari ya fara wayewa, saman tafkin duk bakuna ne a buɗe, suna haɗiyar iskar da ba za ta amfane su ba. Manya sun riga sun kife, farin cikinsu a sama, domin babban jiki shi ya fi buƙatar iska. Tarwaɗa ce kawai ke yawonta, ita da ke iya shaƙa daga sama, tana duba gawawwakin maƙwabta. Na faɗa ruwa da rigata na nufi ragar.

Maigadi ya yi kururuwa, mutanen da suka fito daga masallacin Ustaz Kabiru suka sheƙo. Na ce a samo gora a riƙa dukan ruwa, a ɗebo da bokiti a watsa sama. Aka buga wa Obinna waya, ya zo da injin ban ruwa a bayan mota, ya tayar da shi yana tsotsa yana fesawa. Yana aiki yana cewa, "Na faɗa a sayi salansa." Alhaji Mamman yana tsaye a gaɓa da hula a hannu yana tambaya ko a ƙara ƙarfe.

Ustaz Kabiru bai tambayi kowa ba, ya shigo ruwa har ƙirji, wandonsa da dama bai kai idon sawu ba ya huta da naɗewa. Wani sifirin ya yanke shi a ƙafa, bai tsaya ba. Muka ɗaga ragar tare. Cikin arba'in da biyu, tara ne ke motsi. Na juya su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Duk mata ne. Mazan, da yake sun fi girma, babu wanda ya kai safiya.

Ya ce, "Malam, ina za a kai su?"

Na ce, "Ruwa mai kyau, yanzu-yanzu. Rijiyata ta rufta, gari kuma da nisa."

Ya ce, "Akwai tankin siminti na alwala a masallacinmu, jiya aka cika shi daga famfo."

Na ce, "Ustaz, jama'arka fa?"

Ya ce, "Kifi mai rai ba ya ɓata ruwa. Ko wannan ma sai mun je gaban liman?"

Haka aka ɗauki kifin da aka yi wa wa'azi a bokitai, aka kai su masallacin mai wa'azin. Na Alhaji kuwa, waɗanda ba su lalace ba, Tabawa da matanta suka kwashe suka soya, gari ya ci kifi kwana biyu, babu wanda ya shinshina. Da Alhaji ya buga wa 'yarsa waya ya ba ni, ta saurara har na gama ta ce, "Baba Malam, abin da muka yi makonni a teku muna aunawa, kun gama shi a kwana uku." Na ce mata mu ma mun nutsar da kabon mai yawa, sai dai da ƙaya a jikinsa.

Mata tara babu namiji, ba zuri'a ba ce. Zan iya samo namiji a wani wuri, amma jinin da Baba Tunau ya yi shekaru yana tacewa zai gauraya, daga nan kuma sai suna. Na riƙa zuwa masallacin ina duba su, ina watsa musu 'yar dusa. Takwas suna ci. Ɗaya ta maƙale a kusurwa, ba ta buɗe baki, maƙogwaronta a kumbure. Na ɗauka ciwo ne ya kama ta, na ce ita ce ta gaba. Wanda ya yi shekaru yana haɗa karfasa bai kamata ya yi wannan zato ba, amma a makon nan na riga na nuna iyakar hankalina.

A rana ta biyar da kai su can, bayan Asuba, ladanin masallacin ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, kifinka sun jawo mana tsutsa. Na ɗebo ruwa a buta na ga abu yana yawo." Na karɓi butar na juye a tafin hannu. Ba tsutsa ba ce. Karfasa a baki take goyo: in namiji ya barbari ƙwai, sai uwar ta kwashe su a bakinta, ta daina ci har su ƙyanƙyashe. Wannan baiwar Allah ta shiga tashin hankalin nan da ƙwai a baki, aka ɗaga ta a raga, aka jefa ta a bokiti, aka yi gudu da ita, ba ta tofar ba, ba ta haɗiye ba. Na leƙa tankin, ga 'ya'yan nan kamar an watsa tsaba, suna kewaye da kanta. A cikinsu dole akwai maza.

Ustaz Kabiru ya zo yana ɗingishi, ya leƙa, ya yi murmushi ya ce, "To, Allah gafarta Malam, an tsare su kwana biyar a kan abinci mai tsarki, 'ya'yan kuma a masallaci aka haife su. Yanzu ko a wurin masu tsanantawa sun halatta."

Na ce, "Da ka faɗi haka a zaure da ka kayar da ni."

Ya ce, "Ai ruwa ya rama mini."

An yi kwana biyu ana tsamo ƙarafa daga tafkin, Obinna ya karɓi kayansa, ya ce sun ƙara tsatsa amma sun yi ilimi. Alhaji Mamman, Allah Ya ji ƙansa, har ya bar duniya yana gaya wa mutane cewa ƙarfe yana aiki, awo ne aka kuskure. Ban taɓa musa masa ba, domin a kan awo ya yi gaskiya.

Duk karfasar da za ku saya a hannuna yau jikokin wannan uwa ne. Na sha tunani a kanta. Mu huɗu muka yi magana a shekarar nan, attajiri da malamai biyu da likitar ilimi, kowa da hujjarsa, ita kuwa abin da ta yi kawai shi ne ta rufe bakinta a kan amanar da ke ciki. Littattafan na mayar da su kan rufi, ina sauko da su bayan La'asar. Wanda yake son 'ya'yan kifi a cikinku, ya zo ya same ni a bakin ruwa da an sallame Asuba, ya naɗe hannun riga har gwiwa, ya tsoma, ya gaya mini inda tafinsa ya ɓace. In ya faɗa daidai, sai mu yi maganar kifi. Allah ne Mafi sani da abin da ke cikin ɗigo da abin da ke cikin teku.